Wuni ɗaya a Dutsen Ɗariƙu

Da ƙafa na shiga Jibralta. Daga garin La Línea na Sifaniya 'yar gajeriyar tafiya ce zuwa shinge. Aka duba fasfo na wuce, sai kawai na ga an datse hanya. Ashe titin saukar jiragen sama ne ya gitta gabanmu. Muka yi cirko-cirko har jirgi ya sauka, sannan muka tsallaka, ni da ma'aikata 'yan Sifaniya masu kekuna da kullum sai sun yi wannan sammakon.

Suna ne ya kawo ni. Asalin sunan Jibralta shi ne Jabal Ɗariƙ, wato dutsen Ɗariƙu bin Ziyad, wanda ya tsallako da rundunarsa daga Maroko a shekarar 711. Amma hannun Ingila wurin yake tun 1704, Sifaniya kuma ta sallama shi a yarjejeniyar Utrecht ta 1713. Duk faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 7 ba, ga shi har yau Majalisar Ɗinkin Duniya na lissafa shi cikin yankuna 17 da ba su gama fita daga mulkin mallaka ba.

Ni da na taso da labarin 1960, na ɗauka zan tarar da mutane masu ƙishirwar 'yanci. Ina! Direban tasin da ya hau da ni dutsen dariya ya yi. Ya ce a 1967 an tambaye su, mutum 44 kacal suka zaɓi Sifaniya, sama da 12,000 suka ce Ingila. A 2002 ma suka yi fatali da mulkin haɗin gwiwa tsakanin Ingila da Sifaniya. Tsarin mulkin 2006 ya bar musu majalisarsu da gwamnatinsu, tsaro da harkokin waje suna hannun Landan. Ko da ma sun so tsayawa da ƙafarsu akwai ƙulli: Utrecht ta ce ranar da Ingila ta saki dutsen, Sifaniya za a fara yi wa tayi. (Ita Sifaniyar fa tana riƙe da Ceuta da Melilla a gaɓar Maroko. Laifi tudu ne.)

La'asar ta same ni a masallacin Ibrahim al-Ibrahim da Sarki Fahd na Saudiyya ya gina a ƙarshen yankin ta kudu, inda ake hango duwatsun Afirka. Wani dattijo ɗan Maroko ya matsa mini a sahu. Bayan sallama na ce, "Baba, yaushe ka zo nan?" Ya ce, "Ɗana, tun da Franco, shugaban Sifaniya na lokacin, ya rufe iyaka a 1969, aka rasa ma'aikata, aka ɗebo mu." Sai 1985 aka buɗe ta gaba ɗaya.

Shingen nan shi ne fargabar mutanen Jibralta, shi ya sa kashi 96 cikin 100 suka ƙi ficewa daga Tarayyar Turai a ƙuri'ar raba gardamar Ingila ta 2016. Na je kafin a fara aiki da matsayar da Ingila da Tarayyar Turai suka cimma a Yunin 2025 kan kawar da binciken iyakar, don haka da magariba layi na bi, a bayan masu kekunan nan na safe.