Kalmar summarise da ƙanwata

Ɗazu bayan la'asar ƙanwata ta zo min da tsohuwar takardar Turanci ta WAEC, wurin da aka ce ta yi summarise ɗin wani dogon rubutu cikin jimla 3. Na duba amsarta, sai na ga layukan marubucin ta kwafo, ta dai guntule wutsiyar kowanne. Ta ce, "Yaya, ba cewa aka yi a rage ba?" Na ce mata taƙaitawa ake nufi, wato ki fahimci jigon maganar, ki ajiye misalai da kwalliya, ki faɗe shi da bakinki. Masu duba jarrabawar ma rage maki suke yi in an kwafo kai tsaye. Asalin kalmar daga Latin ne, summa, wato jimilla, danginsu ɗaya da sum na lissafi. 'Yan Ingila sun fi rubuta ta da s, Amurkawa da z.

Duk wannan bai shige ta ba, sai da na ce ta ba ni labarin bikin da suka je jiya. Nan take ta ce, "An ɗaura aure da safe, abinci bai isa ba, amarya ta yi kuka har aka kai ta." Ta yi shiru, ta kalli takardar, ta ɗauki biro. Wallahi abin ya taɓa ni. Yarinyar nan ta iya aikin tun tuni, baƙuwar kalma ce kawai ta tsorata ta.