Mako na shida: ashe rijiya ɗaya muka yi ta ɗiba

'Yan'uwa masu koyon tattara tarihi, ga inda muka kwana a aikinmu na Argungu.

Mu biyar ne. Abin da muka sa gaba shi ne sanin yadda ake su a kogin Matan Fada kafin 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka shirya masa gasar kamun kifi. Abin da ya biyo bayan ziyarar a rubuce yake. Na gabanta kuwa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, wato al'adun da ake yi kafin a fara kamun kifi, sai an je bakin tsofaffi.

Tun farko muka raba aiki: biyu wajen masunta, ɗaya gidan tarihi na Kanta, ɗaya intanet, ni kuma riƙon littafi.

Makon jiya mutum uku suka kawo bayani iri ɗaya kan yadda Sarkin Ruwa ke buɗe kamun kifi. Na yi murna, na rubuta "shaidu uku", har na ja layi a ƙasa. Ranar Juma'a bayan la'asar muka baje tabarma, muka aje wayoyi a tsakiya muna sauraron muryoyin da aka naɗo. Dattijon farko yana magana yana ɗinkin homa, wato ragar kamun kifi, in ya zo ƙulli sai ya yi shiru. Da aka kunna na biyu, ƙaramarmu ta ɗaga hannu ta ce, "Yaya, ka ji? Har karin maganar da ya kawo irin ta wancan ce."

Muka koma muka tambaya. Ashe na biyun ɗan ƙanen na farko ne, a gindinsa ya ji labarin. Shaida ta uku kuma wani rubutu ne a Facebook, jikan gidan ne ya yi shi.

Abin ya dame ni ƙwarai. Kowa ya yi aikinsa da gaske, amma abin da aka samo kaɗai muke jefawa a zauren WhatsApp, ba mu faɗar ta inda aka bi. Haka nan mutum biyu suka ɓata yini suna neman hoton da na uku ya riga ya nema ya rasa.

Yanzu littafin ya sami layi biyu sababbi: "daga wa ya ji" da "inda aka duba ba a samu ba". Na goge uku na mayar ɗaya. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ƙetare kogi mu nemi masuncin da ba ɗan gidan ba.