Ranar da na yi wa longan zana

Asabar, tsakiyar hunturu.

Buji ya sauka tun daren jiya, da safe ko rimin bakin gari ba a hangowa. Ina gama shan koko na ɗauki adda da igiya na nufi lambu, don na lura bakin ganyen longan ɗina, wani itacen marmari na ƙasashen Asiya, ya fara ƙonewa. Ba ƙishirwa ba ce, ƙasar na da danshinta. Iskar nan ta arewa maso gabas ce ke busar da sabon toho tun bai yi ƙwari ba.

Tushe uku gare ni, duk ba su kai ƙuguna ba. Ƙanina da ke zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin sarin kaya shi ya fara kawo mana busasshe, daga baya ya ci karo da ɗanye a wani babban kanti a Abuja. Girman ɗinya ne, ɓawon ruwan ƙasa, tsokar fara mai ruwa da zaƙi, ga baƙin ƙwallo mai sheƙi a tsakiya. Muna gama sha na binne ƙwallayen, domin irin longan ba ya jira, in ya bushe ya mutu. A kan tudu na dasa su, nesa da gonakin shinkafa. Mu a nan Kura ruwan Tiga ba ya yi mana rowa, amma wannan itace ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi.

Ina cikin kafa dirkokin zanar tare iska Baffa ya biyo ta bakin kanal a kan kekensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tsaya yana kallon zanar.

“Kai ɗan nan, itace ake yi wa ɗaki? Da mangwaro ɗan aure ka sa a wurin nan, da yanzu ka fara lissafin kwanduna.”

Na ce, “Gaskiyarku Baffa, gwaji ne kawai.”

Ya ce, “Yaushe zai haihu?”

Da na ce masa wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara shida ko fiye, kuma ba lalle ya yi zaƙin uwarsa ba, sai ya yi dariya ya ce Allah ya nuna mana. Ni ma na san haka. A ƙasashen da ake nomansa sosai, wato kudancin Sin da arewacin Tailan da Biyetnam, ba da ƙwallo suke kafa gona ba. Reshen babbar bishiya suke kankare wa ɓawo, su ɗaure wurin da ƙasa mai danshi a cikin leda har ya fitar da saiwa, sannan su yanke su dasa. Irin wannan a shekara uku zuwa huɗu ya fara 'ya'ya. To ni ina na ga babbar bishiyar?

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne zancen sanyi. Longan ba ya fure sai ya sha sanyi marar ruwa na wata biyu ko uku. Da na fara jin haka sai na ce ashe hunturunmu yana da rana, tunda a Disamba da Janairu dare kan sauka ƙasa da digiri 15. Sai dai da hantsi ya ɗaga zafi ya dawo, kuma bayan hunturu bazara na nan tafe, lokacin da Kano ke haura digiri 40. A ganina nan ne za a yi ta. Shi ya sa bayan zanar na zuba buntun shinkafa da kauri a gindin kowanne, ban bari ya taɓa jikin itacen ba saboda gara.

Manoman Tailan sun daina jiran sanyi tun ƙarshen shekarun 1990. Sinadarin fotasiyam kulorat, wanda ake sawa a kan ashana, shi suke zuba wa bishiya ta yi fure ko ba lokacinta ba. Abin ba na wasa ba ne: a 1999 tarinsa ya tashi da wata masana'antar longan a lardin Chiang Mai, mutane da dama suka rasu. Ni kam ba zai shigo lambuna ba.

Bayan la'asar na leƙa wurin Inna. Kwanan nan barci na yi mata wuya, sai na tuna akwai ragowar busasshen. In ya bushe tsokar takan yi duhu ta yi danƙo, da ɗan ƙamshin hayaƙi. Masu maganin gargajiya na Sin sun daɗe suna ba da shi ga mai rashin barci, da mai yawan mantuwa ko faɗuwar gaba, da kuma maijego. Sukan tafasa shi tare da wani jan ɗan itace wanda dangin magarya da kurnarmu ne. Inna na jin haka ta ce a kawo magarya a jefa, ai ba baƙuwa ba ce. Ta sha rabin kofi ta ce, “Da daɗi, amma kada ka kai wa maijegon yayanka, kunun kanwa ya ishe ta.”

Na ƙara mata da cewa can ma suna ganin yana da zafi, yawansa na kawo bushewar maƙogwaro, kuma ƙwallon ba a zubarwa: akan daka shi a barbaɗa wa yanka don tsayar da jini, wasu su wanke gashi da shi saboda yana kumfa. Wannan ne ya burge ta, ta ce in nawa suka haihu a tara mata.

Zaƙinsa ya yi yawa ga mai ciwon suga, don haka ban ƙara mata ba, kuma ranar Litinin zan kai ta asibiti a auna jininta. Gobe kuma sai neman gyaran tiyon ban-ruwa, ya tsage a wuri biyu, ga tumatir na jira.