Kayan da kowa ke ɓoyewa ba ya tsada

Ɗan wani aminina ne, a nan unguwar Bronx ta birnin New York aka haife shi, ya tare ni bayan an sallame sallar Juma'a yana miƙo mini waya. Ya ce, "Kawu, duba nan. Wannan littafin a 2021 kuɗinsa ya ninka na yau har da ɗoriya. Yanzu ya faɗo, yanzu ne lokacin saye." Kuɗin da ya tara a aikin kai wa mutane abinci a kan keke, cikin sanyi da ruwan sama, su yake so ya zuba a littattafan komik, irin waɗanda aka rufe a cikin roba aka manna musu lamba, ya ajiye har kasuwa ta farfaɗo. An gaya masa na san harkar, shi ya sa ya zo. Na san ta kuwa. Ta cinye mini jari ina da ƙuruciya, ta sake ci ina da furfura. A ƙofar masallaci, jama'a na wucewa, ban iya ce masa komai ba sai "ka dakata tukuna". Na ga fuskarsa ta canza, irin ta wanda ya riga ya yanke shawara yana neman mai sa albarka kawai.

Ga waɗanda ke gida, komik ƙananan littattafai ne na labari cikin zane, su Superman da Spider-Man da ake gani a fim daga nan suka fito. A Amurka akwai masu tara su, akwai dillalansu, akwai gidajen gwanjonsu.

Na zo New York a farkon shekarun 1990, na kama tuƙin tasi da dare. Wanda bai ga birnin a lokacin ba ba zai gane ba. A 1990 kisan kai ya haura 2,000 a shekara guda, kuma direbobin haya na cikin waɗanda ake harbewa saboda 'yan canjin da ke aljihunsu. Duk fasinjan da ya shiga bayanka da tsakar dare sai ka yi addu'a. Ba kwaɗayi kaɗai ya kai ni ga komik ba, hanyar fita daga motar nan nake nema, kuma har gobe ba na jin kunyar wannan. A lokacin jaridu da talabijin sun cika da labarin tsofaffin komik da aka saya a kan 'yan sulalla ana sayar da su dubban daloli. A 1991 har gidan gwanjo na Sotheby's, wanda aka sani da zanen manyan masu fasaha, ya fara gwanjon komik. Ni ɗan 'yan kasuwa ne, na ce ga haja mara nauyi, ba ta ruɓewa, ba ta son wutar lantarki, sai dai ka ajiye ka jira.

Na fara da X-Men na 1991, fitowa ta ɗaya. An buga shi da bango iri biyar, duk labari ɗaya, sai na riƙa sayen kowane iri, ba guda ɗaya ba kuma. Kowanne in saka shi a leda, in sa masa kwali a baya don kada ya lanƙwashe, in jera a dogon akwatin kwali. Ban taɓa buɗe ko ɗaya na karanta ba, don an ce yatsa na rage masa daraja. A Nuwamban 1992 aka fitar da wanda Superman ya mutu a ciki, a cikin baƙar leda rufaffiya. Na tashi daga aiki da asuba, ban je gida ba, na shiga layi a ƙofar shago tare da lauyoyi da 'yan makaranta da tsofaffin mata. Kowa na saye don ya ajiye. A watan ne na kwashi adashin da muke yi mu direbobi, kuɗin da na yi wa mahaifiyata alkawarin za a yi mata rufin ɗaki da su a Kano, na juye su duka a wannan kayan. Na gaya mata ta ƙara haƙuri kaɗan, gida sukutum zan gina mata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ilimin da zai cece ni tun ina yaro nake da shi. Mahaifina hatsi yake saye da kaka ya zuba a sito, bazara ta yi ya fitar ya ci riba. Amma gero yana tsada da bazara ne saboda mutane sun ci, ya ragu a gari. Tsohon komik ma haka ne. Action Comics na 1938, inda Superman ya fara fitowa, an buga wajen kwafi 200,000 a kan santi 10 kowanne. Yara suka karanta suka yayyaga, aka tattara takardu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, iyaye mata suka share sauran suka zubar. Abin da ya rage a duniya bai fi kamar ɗari ba, dalilin tsadarsa ke nan. Shi kuwa X-Men ɗin da na saya an buga sama da miliyan 8, kuma kusan kowane mai saye ya lulluɓe nasa a leda kamar yadda na yi. Babu mai ci, babu mai zubarwa, ta ina zai ragu?

A 1993 aka dawo da Superman da ransa, masu saye don riba suka fara janyewa. Shaguna suka yi ta rufewa da dubbai. A Disambar 1996 kamfanin Marvel da kansa, mai buga X-Men da Spider-Man, ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Ni dai ina nan riƙe da kaya, ina biyan hayar ɗakin ajiya duk wata, ina cewa kasuwa za ta dawo. Da abin ya ishe ni, na loda akwatunan a bayan mota na kai wa wani dillali. Bai zaro ko littafi ɗaya ba. Ya cire murfin akwati, ya bi kawunansu da yatsa ɗaya, fyar, daga farko zuwa ƙarshe, ya mayar da murfin, ya buɗe na gaba. Sannan ya nuna mini ƙarƙashin teburinsa, inda irin nawa ke jibge ana sayar da su ƙasa da kuɗin da aka buga a bangonsu. Ya ce shi akwati-akwati zai taya, ba ɗaya-ɗaya ba. Tayin da ya yi ko hayar ajiyar da na biya bai mayar ba, balle uwar kuɗi. Na ce albarka, na ɗauki akwati ɗaya na nufi ƙofa, sai na tuna ba ni da inda zan kai su. Na dawo na sallama. Rufin ɗakin nan sai ƙanena ne ya yi shi.

Ina iya cewa a lokacin babu intanet, babu wanda zan tambaya, kuma Amurkawan da aka haifa cikin harkar ma sun faɗa ramin. Gaskiya ne. Amma na 2021 fa, wa zan ɗora wa?

Lokacin kullen korona mutane na zaune a gida, gwamnati ta raba tallafi, dala 1,200 a 2020, wasu 1,400 a 2021, babu inda za a kashe su. Duk wani abin tarawa ya tashi, har katunan 'yan wasa. Harkar kuma ta canza fuska. Tun shekarar 2000 akwai kamfanin CGC, wanda ake aika wa littafi ya duba lafiyarsa, ya ba shi maki har zuwa 10, ya rufe shi a roba mai tauri. Mai maki 9.8 da mai 9.4 ido ba ya rarrabe su sosai, amma kuɗinsu ya yi nisa da juna. A Satumban 2021 aka sayar da littafin 1962 da Spider-Man ya fara fitowa a ciki a kan dala miliyan 3.6. Sai zuciya ta ce mini, ai yanzu ka yi wayo. Ba za ka sayi sabon bugu ba, za ka sayi na shekarun 1970 da 1980, waɗanda wani gwarzo ya fara bayyana a cikinsu, musamman wanda ake raɗe-raɗin za a yi fim ɗinsa. Kuma wallahi da farko na ci riba. Na sayar da wasu, kuɗi suka shigo, na ce ashe asarar da na yi a da kuɗin makaranta ce. Wannan ribar ita ta halaka ni, don ita ta sa na ɗauki katin bashi na ci gaba da saye. Ni da na san hukuncin kuɗin ruwa, na ce wa kaina ai kafin wata ya ƙare na sayar na biya, ruwa ba zai hau ba.

A Maris na 2022 Babban Bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa, a Yuni hauhawar farashi ta wuce kashi 9 cikin 100. Mai tunanin kuɗin mai da na haya ba ya taya littafin zane. Fina-finan da na dogara da su wasu suka fito, ba su ɗaga komai ba, don masu wayo tun ranar da aka sanar da fim suke sayarwa. Na kuma gano abin da ban lissafa ba: da farashi ya tashi, duk mai irin littafin a ɗakinsa ya aika a ba shi maki, sai adadin masu babban maki ya yi ta ƙaruwa. Kamfanin yana wallafa wannan ƙidayar a fili, kyauta, ni ne ban damu in duba ba. Kaya suka yi kwantai, ruwan kati na hawa duk wata. Uwargida ta gano ne a takardar banki, ba daga bakina ba, kuma wannan ya fi asarar ciwo.

Na zauna da niyyar in jero muku shawarwari masu yawa, samari, amma da na duba ba su da yawa.

Faɗuwar farashi ba arha ba ce. Farashin 2021 na mutanen da aka kulle a gida da kuɗin tallafi ne, ba zai zama ma'auni ba. In za ka auna, ka auna da abin da ake sayar da littafin a 2019. Kuma ka daina kallon abin da mai kaya ya rubuta yana nema, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Ka duba abin da aka biya a cinikin da ya faɗa, a watan nan, ba bara ba. Daga ciki ka cire la'adar eBay, kasuwar intanet da ake sayar da su, wajen kashi 13 cikin 100, ka cire kuɗin aikawa da na inshora, ka cire kuɗin makin in kai ka biya. Amma ku ina kuke da haƙurin lissafi? Wani ya kunna kyamara a YouTube yana ɗaga roba yana ihu, kun yarda da shi fiye da wanda ya yi asarar da idonsa, ba ku ko tambayi kanku ko kayan da ke ɗakinsa yake nema wa kasuwa ba. Ku zauna da babba minti goma ba ku taɓa waya ba ya gagare ku.

Za ku ce mini a Afrilun 2024, kasuwa na kwance, an sayar da Action Comics ɗin nan na 1938 dala miliyan 6. An sayar. Wannan kasuwar attajirai ce masu neman abin da bai fi ɗari ba a duniya, ba ta haɗa hanya da littafin da kai da dubban mutane kuke riƙe da irinsa ba.

Kada ka saya da bashi, kada ka saya da adashi, kada ka saya da kuɗin da ka yi wa wani alkawari. A wannan babu ja-in-ja.

In kaya na hannunka kasuwa ta yi sanyi, ka sayar tun da sauran mai taya. Jira yana da kuɗinsa, ni na biya shi wata-wata. Ko da yake, in faɗi gaskiya, a cikin akwatunan da na karyar wa dillalin nan akwai littafin 1991 da wani gwarzo mai suna Deadpool ya fara fitowa, wanda bayan fim ɗinsa na 2016 ya koma na ɗaruruwan daloli. Da na riƙe shi da na ga alheri. Don haka kada ka karyar da kaya cikin firgici ba ka tantance su ɗaya-ɗaya ba. To wanne za a riƙe, wanne za a saki? Ni dai na riƙe waɗanda ya kamata in saki, na saki wanda ya kamata in riƙe, kuma duk wanda ya ce muku ya san amsar tun kafin lokaci, kaya yake son sayar muku.

Masu rubuto mini daga Kano da Kumasi suna tambayar yadda za a sayo musu su ajiye, ku bari. Zafi da laima da gara ba sa barin takarda, kuma ranar sayarwa mai sayen yana wannan ƙetaren, sai kun sake biyan kuɗin jirgi.

Ra'ayina, kada ku shiga sam. Wanda ya tara kuɗi a kan keke cikin ƙanƙara ya biya kuɗin koyon sana'a, ko ya sayi abin da mutane ke buƙata kullum ya sayar. In kuwa son labarin kake yi, ka sayi na arha ka karanta, ka ba ƙanenka ya karanta, ba ruwana. Abin da ke ba ni haushi shi ne yawancinku ba ku ma san me ke cikin robar ba, kamar yadda ni ma ban sani ba.

Amma na san halinku, wasu sai sun taɓa. To in ya zama dole, kada ka fara da goma. Ka sayi guda ɗaya da kuɗin da in sun tafi ba za su hana ka barci ba, ka saka shi a kasuwa a makon, ka jira mai saye na gaske, ka naɗe shi, ka kai gidan waya, ka jira kuɗin su shigo bayan an zare la'ada. Ka rubuta abin da ka kashe da abin da ya dawo a takarda ɗaya, ka nuna wa mahaifinka kafin ka sayi na biyu.