Frank Spencer, wawan tele da ya koma babban mawaƙi a Landan

In ka tare mutum a Tawa ka ce mishi ko ya san Michael Crawford zai tsaya yana kallonka ne kawai, amma cikin waɗanda sunka tashi zamanin kaset ɗin bidiyo akwai masu tuna Frank Spencer, siririn baturen nan mai hular bere da doguwar kwat wanda duk abin da ya taɓa sai ya lalace. To mutum guda ne. Mu nan Nijar masu ban dariyar Turawa da munka fi sani na Faransa ne, su Louis de Funès, daga baya Mista Bin ya zo ya mamaye komai. Shi Frank ta Najeriya ya shigo mana, can ne tashoshin tele sunka yi ta nuna shi, mu kuma da ke kusa da Ƙonni da Illela duk abin da ya yi yayi a Sakkwato ba ya daɗewa sai ya iso.

Sunan shirin Some Mothers Do 'Ave 'Em, BBC ce ta yi shi daga 1973 zuwa 1978, kashi 22 ne gaba ɗaya in an haɗa da na Kirsimeti, Raymond Allen ya rubuta. Labarin ba wani mai nisa ba ne. Frank magidanci ne mai kyakkyawar zuciya amma ba ya iya riƙe aiki ko na yini guda, a kai shi gyaran abu ya rushe gidan, ya je neman aiki ya bar mai ɗaukar aikin yana zufa kamar zai haukace, matarshi Betty kuwa (Michele Dotrice ce ta fito a matsayinta) haƙurinta ya wuce misali, kullum tana bayanshi tana ba mutane haƙuri, daga baya sunka samu ɗiya Jessica. Ba sai kana jin Ingilishi ba, mu da munka yi lakwal da Faransanci ba abin da muke tsinta cikin maganar sai "Betty", amma dariya har da riƙe ciki, don abin a jiki yake, a kafaɗar da yake ɗagawa, da yatsan da yake kaiwa baki in ya yi ɓarna, da yadda yake juya ido kamar yaron da anka kama da hannu cikin tukunya.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne yadda mutane ke ɗauka wai mai wasan wawa sa'a ce kawai ya yi, Allah ya ba shi fuskar ban dariya shi ke nan. Ku je ku nemo wurin da Frank ya sa takalmi mai taya. Daga cikin ɗakin wasa yake suɓucewa ya fito titi, ya gangara matakala, ya kama bayan bus tana janshi, ya duƙa ya wuce ta ƙarƙashin babbar mota, a ƙarshe ya afka cikin kantin kayan jarirai. Ba wani anka sa ya yi a madadinshi ba, shi ne da kanshi, kuma 1973 ne, babu kwamfutar da za ta gyara hoto. Akwai wani kashin kuma da mota ta tsaya a bakin dutse rabinta na lilo bisa teku shi kuma yana rataye a bayanta. Mutumin da zai yi wannan ya fita da ƙafafunshi biyu dole ya san inda kowace gaɓa tashi take a kowane daƙiƙa, ya auna, ya maimaita, sannan ya zo gaban kamara ya nuna kamar bai san komai ba. Faɗuwa da gangan yadda mai kallo zai yarda tsautsayi ne, wallahi ta fi tsayuwa daidai wuya.

Akwai wani kawuna tsohon direban kamiyo, shekaru yana ɗaukar albasar Galmi, na nuna mishi wannan wurin a waya wata rana bayan la'asar. Bai yi dariya ba sam. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, da anka zo wajen wucewa ƙarƙashin motar sai ya ce in maido baya, na maido, ya sake kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wanga mutum shina da iyali kuwa?" Na ce yana da su Kawu. Ya girgiza kai ya ce shi direban yake tausayi, don da ƙafarshi ta ɗan motsa bisa totur da magana ta ƙare. Da na sa mishi waƙar da mutumin ya yi daga baya kuwa cewa ya yi in bari, ba shi ba ne, wannan muryar ba ta fita daga bakin wancan.

Kuma ba laifin Kawu ba ne, Turawan Ingila ma haka da yawansu sunka ce a 1986, lokacin da anka ba shi babban wasan waƙa a Landan. Abin da ba su lura ba shi ne waƙar ta riga wasan dariyar. An haifi Crawford ran 19 ga Janairu 1942 a Salisbury, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sunanshi na yanka Michael Patrick Smith, ya yi ƙuruciyarshi hannun uwarshi da kakarshi, wani lokaci a tsibirin Sheppey, daga baya Landan. Tun yana yaro yake waƙa cikin ƙungiyar mawaƙan coci, kuma muryar ta kai shi har gaban Benjamin Britten, ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na Ingila a ƙarnin da ya wuce, ya fito cikin wasannin opera ɗinshi na yara (wasan dandali da ake yi da waƙa), har da wanda anka yi kan labarin jirgin Annabi Nuhu a 1958. Sunan Crawford ma ba na gado ba ne, a jikin motar kamfanin biskit ya gani ya ɗauka. Daga nan sai wasannin rediyo na BBC masu yawan gaske, wanda duk wanda ya san aikin rediyo ya san makaranta ce, babu fuska babu hannu, murya kaɗai za ta yi maka komai.

Shekarun 1960 sinima ya shiga, kuma ba da ƙananan mutane ba. Ya fito tare da Steve McQueen a 1962, fim ɗin The Knack da ya ja a 1965 ya ci babbar kyautar bikin sinima na Cannes, a 1966 ya yi fim tare da Buster Keaton, tsohon gwanin faɗuwa na zamanin sinima marar magana (ni dai ina ganin wani abu ya shafe shi daga wurin tsohon nan), a 1967 kuma da John Lennon. Sai Gene Kelly ya ɗauke shi zuwa Amurka cikin Hello, Dolly! na 1969 tare da Barbra Streisand, ya yi waƙa ya yi rawa. Yaranmu da sunka kalli katun ɗin WALL-E na 2008, tsohon fim ɗin da ɗan robot ɗin ke ta kallo a kaset shi ne wannan, muryar da ke tashi a farkon katun ɗin ta Crawford ce, sun ji shi ba su sani ba.

Sai duniya ta juya. Fim ɗin Hello, Dolly! ya ci kuɗi da yawa bai maido yadda anka sa rai ba, kuɗin da shi kanshi ya tara anka zuba su inda ba su dawo ba, aiki ya ɗauke, har ta kai mutumin da ya yi rawa a Hollywood yana zaune yana cusa auduga cikin matasan kujera a sana'ar matarshi. Wasan dandali na ban dariya da ya samu a Landan a 1971 ne ya maido shi idon mutane, daga nan BBC ta kira shi. Kuma ba shi anka fara nema ba, an tuntuɓi Norman Wisdom da Ronnie Barker, duk ba su karɓa ba. Wato Frank Spencer ɗin da duniya ta san shi da shi ragowar wasu ne, ya same shi yana da shekara 31 lokacin da ba ya da zaɓi da yawa.

Matsalar irin wannan nasara kuwa mun san ta a nan. Marigayi Rabilu Musa, Allah ya jiƙanshi, tunda ya zama Ibro ko ya fito fuska a ɗaure dariya ake, mutane sun riga sun yanke abin da yake kuma ba su son a canza musu. Ɗan wasan da jama'a ta so a matsayin wawa kusan kullum cikin rigar nan yake tsufa, don furodusa ba ya son asara, mai kallo kuma abin da ya saba yake nema. Crawford ya ga haka tun da wuri, shi ya sa shirin bai yi tsawo ba duk da farin jininshi, kashi 22 cikin shekara biyar ai kaɗan ne. Tun a 1974 yana wasan waƙa mai suna Billy a dandalin Drury Lane, sannan a 1981 ya ɗauki Barnum a London Palladium, labarin Ba'amurken nan mai gidan wasan dabo da tsalle-tsalle, kuma don wannan sai da ya je ya koyi tahiya bisa igiya, yana kusan shekara arba'in, kowane dare yana bisa igiya yana waƙa a lokaci guda. Ya ci kyautar Olivier da shi, wadda ita ce babbar kyautar wasan dandali a Ingila. A wannan shekarar dai ya yi wani fim na Disney, Condorman, wanda bai yi kasuwa ba, ba sai mun tsaya kanshi ba.

Babban abin ya zo a watan Oktoba 1986, lokacin da mai tsara kiɗa Andrew Lloyd Webber ya buɗe The Phantom of the Opera a Her Majesty's Theatre. Asalin labarin na Faransa ne, Gaston Leroux ya rubuta shi, kan wani gwanin kiɗa mai nakasasshiyar fuska da ke ɓoye ƙarƙashin gidan opera na Paris yana son wata yarinya mawaƙiya son da ya zama ciwo. Lloyd Webber ya ji muryar Crawford ne wajen malamin waƙa Ian Adam, inda matarshi ta lokacin Sarah Brightman ita ma take ɗaukar darasi, wato duk shekarun nan da ake mishi kallon Frank yana nan yana zuwa darasi kamar ɗan koyo. Da anka ce shi zai ja wasan mutane da yawa sun yi tsammanin abin dariya za a yi. Sai ga shi ana zaunar da shi kusan awa biyu ana manna mishi fatar roba, a rufe rabin fuskar da farin abin rufe fuska, wato an ƙwace mishi babban makaminshi, saura murya da hannuwa da yadda yake taka ƙasa. Kuma nan ne nake ganin Frank bai tahi ko'ina ba, jikin da ya koyi faɗuwa daidai shi ne ya koyi tsayuwa cak yana ban tsoro, kuma tausayin da kake ji wa Frank in kowa ya kore shi, shi ne dai kake ji wa wannan dodon da ba wanda ke so. Ya sake cin Olivier, ya tahi da wasan New York a 1988 ya ci Tony, babbar kyautar wasan dandali a Amurka, ya wuce Los Angeles, ya yi shi sama da sau 1,300. Wasan kanshi ya ci gaba a New York bayanshi har 2023.

Gaskiya irin wannan waƙar ba kowane kunne take shiga ba, wanda ya saba da kalangu da gurmi zai iya cewa kuka ne ake ja, a fadarmu ma in na sa The Music of the Night, waƙarshi ta cikin Phantom, ba a kai rabi sai wani ya ce don Allah a canza shayi na hucewa. Ni kaina ba kullum nake saurarenta ba. Amma ka saurari yadda yake farawa can ƙasa kamar raɗa, numfashi guda ya ja shi har sama ba tare da ka ji inda ya haɗa ba, ko ba ka son salon ka san an sha wuya kafin a kai nan.

Jikin kuwa ya biya bashi. A 1995 ya tahi Las Vegas yana jan wani ƙaton wasa mai suna EFX a otal ɗin MGM Grand, ya ji ciwo a ƙugu har sai da anka yi mishi aiki anka sa na ƙarfe. Dance of the Vampires da ya yi a New York a 2002 ya faɗi warwas, an yi asarar kuɗi mai yawa. A 2004 ya koma wajen Lloyd Webber cikin The Woman in White, anka sa mishi wata rigar roba mai nauyi don ya yi ƙiba, zufar da yake yi cikinta ta kayar da shi, rashin lafiyar ta zarce ta zama ciwon gajiya mai daɗewa, dole ya bar wasan ya tattara ya koma New Zealand yana jinya. Tun 1987 kuma yake shugabantar wata ƙungiyar agaji, Sick Children's Trust, mai sama wa iyaye masauki kusa da asibiti in ɗansu na kwance, abin da duk wanda ya taɓa kwana bisa tabarma a harabar asibiti yana jinya zai gane amfaninshi. Sarauniya ta ba shi lambar girma ta OBE, daga baya CBE a 2014.

Ya dawo dandali a 2011 cikin The Wizard of Oz, a Palladium ɗin nan dai da ya taka igiya, sannan a 2016 yana da shekara 74 ya sake sa hular bere da kwat don wani ɗan gajeren shiri na tara kuɗin agaji, Michele Dotrice ma ta dawo a Betty, kuma har da takalmi mai tayar. Na kalle shi, yana nan a YouTube. Bai ba ni dariya kamar na da ba, an cika shi da fitattun baƙi da yawa, kuma duk lokacin da ya karkata sai in tuna da ƙugun nan na ƙarfe in ji gabana ya faɗi. Wanda bai taɓa ganin Frank ba ya fara da na 1973.