Tsohon kare da allurar ƙarshe

A ƙaramin asibitin dabbobi irin namu, aikin da ya fi nauyi shi ne ranar da aka shigo da tsohon kare a hannu, mai shi yana tambaya: "Likita, akwai sauran dabara?"

Ba ma gaggawa. Sau da yawa abin da ake kira tsufa zazzaɓin kaska ne, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko ciwon gaɓoɓi, kuma duk suna jin magani. Sai an duba jini tukuna. Amma manyan karnukan gadi irin su Alsatian, daga shekara 10 jiki kan fara saki. In ƙoda ta gaza ko sankara ta bazu, kare ya daina ci, yana fitsari a inda yake kwance, kwanciya ta fara yi masa gyambo a ƙugu, to muna faɗin gaskiya: abin da ya rage shi ne allurar da za ta ɗauke ransa ba tare da azaba ba. Wanda ke kokwanto, mukan ce ya yi mako biyu yana rubuta ranakun sauƙi da ranakun wahala, ya ga wanne ya rinjaya.

Bayan mai kare ya sa hannu a takardar amincewa, sai mu auna nauyin karen, domin yawan magani nauyi yake bi. Allurar barci ce ta farko, a tsoka, a jira minti 5 zuwa 10. Sannan a aske gashin ƙafar gaba a nemi jijiya, a ba da pentobarbital, maganin da ke tsayar da numfashi da zuciya. Cikin minti ɗaya ko biyu zuciya ta tsaya, mu saurara mu tabbatar. Inda ake samun matsala jijiya ce: ta tsohon kare da ruwa ya ƙare a jikinsa takan lafe, kuma maganin yana da zafi in ya zuba a gefenta. Shi ya sa ba a tsallake allurar barci.

Tun kafin a fara muke sanar da iyali cewa ido ba ya rufewa, wataƙila ya saki fitsari ko ya ja dogon numfashi sau ɗaya. Ba ya jin komai a lokacin.

Don Allah kada a ba shi fiya-fiya ko shinkafar ɓera. Mutuwar azaba ce. In kuma ya ciji mutum, a killace shi kwana 10 saboda ciwon haukan kare, a sanar da likita.

Ramin binne shi ya kai zurfin mita ɗaya aƙalla, nesa da rijiya, domin maganin yana nan a gawa, zai iya kashe ungulu ko karen da ya tono ta.

Akwai masu ɓoye hawaye don kar a ce "kare ne fa". Dabbar da ta tsare ƙofar gida shekara 12 ba abin kunya ba ne a yi kewarta. A gaya wa yara ya mutu, kada a ce ya ɓata, don za su yi ta jiransa a bakin ƙofa. In da wani kare a gidan, yakan rage ci na 'yan kwanaki. In ya ƙi abinci sam har kwana biyu, a kawo shi mu duba.