Tumatir cikin buhuna

Bana na shuka tumatir cikin buhuna goma a tsakar gidanmu, nan Birni, Damagaram. Biyar na zuba musu takin zamani NPK 15-15-15 hannu sake, biyar ruɓaɓɓen kashin awaki. Da na tuge, saiwar masu kashin awaki fara ƙal, ƙasa maƙale da ita. Sauran kuwa siririya, ga farin gishiri a saman buhu.

Kawuna mai garka a Mirriya ya ce: "Ɗana, ka ƙona ma'aikatanka." Ashe saiwa tana fitar da sukari, tana ciyar da ƙananan halittun da ido ba ya gani, wasunsu su jawo mata fosforas, wani sinadari da tsiro ke buƙata. In takin zamani ya yi yawa, sai tsiron ya rage hulɗa da su. Wallahi abin ya taɓa ni. Na fara tara kashin awakin baɗi.